Koci, wai dole sai ƙungiya ta sha kashi mai ciwo kafin ta ɗaga kofi?

"Salam koci, Allah ya ƙara lafiya. Ni ƙaninka ne daga kasuwar Mile 12, kayan gwari nake sayarwa. Akwai gardamar da muka daɗe muna yi da abokina a gidan kallo. Shi cewa yake duk ƙungiyar da aka doke a fainal cikin baƙin ciki to ka jira ta, za ta dawo ta ɗauki kofin, kullum misalinsa Liverpool da Real Madrid ta doke a 2018 suka dawo suka ci a 2019. Ni kuma na ce masa wannan lallashin kai ne kawai, in haka ne me ya hana Super Eagles tunda Kwaddibuwa ta doke mu a fainal ɗin kofin Afirka a Abidjan a 2024? Dan Allah ka raba mana gardamar nan, kai da ka daɗe kana horar da yara."

Wa'alaikumus salam ƙanena, amin, Allah ya kawo kasuwa mai albarka. In na fahimce ka da kyau, so kake ka san ko shi kansa baƙin cikin faɗuwa yana da wani abu a cikinsa da yake sa ƙungiya ta dawo da ƙarfi, ko kuwa labari ne da magoya baya suke ba kansu don su samu su yi barci. To ni dai na fi karkata ɓangarenka, sai dai ba zan ce lallashin kai ne zalla ba, domin abin yana faruwa, ya sha faruwa a gaban idonmu. Amma a shekarun da na yi ina bin tamaula, ina kuma fama da yara a filin unguwa nan Agege, ban taɓa ganin ranar da ɓacin rai ya zura ƙwallo a raga ba. Abin da yake raba ƙungiyar da ta dawo da wadda ta nutse shi ne matakin da shugabanni da koci suka ɗauka a makonnin da suka biyo bayan faɗuwar, lokacin da kowa ransa a ɓace yake, kowa yana neman wanda za a ɗora wa laifi.

Bayern Munich, sau biyu

In ana wannan maganar ni Bayern nake fara kawowa kafin Liverpool, saboda su sau biyu suka bi ta wannan hanyar kuma duka biyun akwai abin koyo. A fainal ɗin zakarun Turai na 1999 a Camp Nou, Mario Basler ya ci musu firikik tun minti na 6, suka riƙe Manchester United har aka cika minti 90, sun ma bugi turke sau biyu, sai kawai a cikin mintunan da alƙali ya ƙara Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙara ta biyu, duka daga kwana. Duk wanda ya kalli wasan nan ba zai manta Samuel Kuffour ɗan Gana ba, yana durƙushe yana dukan ƙasa da hannu yana kuka. To me Bayern suka yi? Ba su kori Ottmar Hitzfeld ba, ba su watsar da Kahn da Effenberg da Scholl da shi Kuffour ɗin ba. A 2001 a San Siro kusan mutanen nan ne dai suka doke Valencia a bugun fenareti, Kahn ya tare uku.

Na biyun ya fi ciwo, kuma 'yan Chelsea na gidan kallonku za su ba ka labarinsa da daɗi tunda Mikel Obi yana cikin fili ran nan. A 2012 fainal ɗin a gidan Bayern aka buga, a Allianz Arena, gaban mutanensu. Sun buga kwana 20, Chelsea ta buga ɗaya tak, kuma wannan ɗayar ce Drogba ya sa wa kai ya farke a minti na 88 bayan Müller ya ci a minti na 83. Aka tafi ƙarin lokaci aka ba Bayern fenareti, Robben ya buga Cech ya kama. Aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida Schweinsteiger ya bugi turke, Drogba ya rufe. Kuma fa a kakar nan Dortmund ta riga ta ƙwace musu lig, ta kuma lallasa su 5 da 2 a fainal ɗin kofin Jamus. Na biyu a lig, na biyu a kofin gida, na biyu a Turai. 'Yan kwanaki bayan haka aka yi wasan sada zumunci da Holan a wannan filin dai, wasu magoya bayan Bayern suka riƙa yi wa Robben ihu duk sanda ya taɓa ƙwallo.

A nan ne ake gane shugabanci. Abu mafi sauƙi shi ne a sayar da Robben a sallami tsoho Jupp Heynckes a ce an yi gyara, magoya baya su yi tafi. Su kuwa sai suka zauna suka tambayi kansu, wai me ya sa muke mamaye wasa amma ƙwallo ɗaya in ta zo mana sai ta shiga, me ya sa in ɗan wasa ɗaya ya gaji babu wanda zai tashi daga benci ya canza wasa? Amsar da suka samu ita ce tsakiya ba ta da mai ƙarfi da zai tsaya gaban 'yan baya, kuma benci ba shi da kauri. Sai suka ɗauko Javi Martinez daga Athletic Bilbao a kan Yuro miliyan 40, kuɗin da a lokacin babu wani kulob a Jamus da ya taɓa biya a kan ɗan wasa, suka ƙara da Dante a baya da Mandzukic a gaba, suka kawo Matthias Sammer ya zama daraktan wasanni. Heynckes ya zauna, Robben ya zauna. A kakar da ta biyo sun ci lig da maki 91, ƙwallo 18 kawai aka zura musu, sun yi wa Barcelona ta su Messi da Xavi da Iniesta 7 da nema gida da waje, sannan a Wembley wanda ya ci ƙwallon da ta ba su kofin a minti na 89 a kan Dortmund shi ne Robben ɗin da aka yi wa ihu.

Liverpool ɗin abokinka ma in ka duba sosai ba baƙin ciki ne ya tsare musu raga a 2019 ba, sabon golansu Alisson ne. A fainal ɗin 2018 a Kyiv Salah ya fita da ciwon kafaɗa tun kafin hutun rabin lokaci bayan sun yi kokawa da Ramos, golansu Karius ya yi kuskure biyu, Bale ya yi wannan bugun ta baya da har yau ake nunawa, aka tashi 3 da 1. Kwana biyu kacal bayan fainal ɗin suka sanar da ɗauko Fabinho daga Monaco, ka ga ke nan tsarin yana ƙasa tun kafin a buga wasan, ba fushi ne ya haife shi ba. Sai Alisson daga Roma, ga Van Dijk da ya riga ya zo tun Janairu. Ƙwallayen da aka zura musu a Firimiya suka sauko daga 38 zuwa 22. Shi kansa Klopp kafin ya doke Tottenham 2 da nema a Madrid, fainal shida a jere ya faɗi tun daga Dortmund, kuma ba a kore shi ba. Har ma a kakar nan sun tara maki 97 a lig, wasa ɗaya suka faɗi, amma City ta ɗauka da 98, sai shekarar da ta biyo suka ci lig ɗin da suka shekara 30 suna nema.

Za ka ce to ai ga saɓani, Bayern ta riƙe Robben da ya ɓarar, Liverpool kuma ta maye gurbin Karius. Ni a wajena babu saɓani, wannan shi ne ainihin aikin koci. Dole ka iya bambance kuskuren rana ɗaya da raunin da ya daɗe a gurbi. Robben gwani ne da ƙafarsa ta ci amanarsa ran nan. Gurbin gola kuwa a Liverpool ya daɗe yana ba su ciwon kai tun kafin Kyiv, ana ta canji tsakanin Mignolet da Karius. Kuma don adalci ga yaron, likitoci a Amurka sun duba shi daga baya suka ce ya samu buguwa a kai a cikin wasan. Kai da kake harkar gwari ka fi ni sanin wannan, in motar tumatir ta taso daga Kano ta iso Mile 12 rabin kwandunan sun ruɓe, mai hankali zai bincika ne ya gane ko mota ce ta lalace a hanya, ko tun a gona aka ɗebo wanda ya nuna da yawa, ko lodin ne aka danne. Wanda ya huce a kan direba kawai ba tare da bincike ba, zuwa na gaba ma asarar ce zai sake yi.

Kashi iri-iri ne

Wani abin da abokinka bai raba ba shi ne ba duk faɗuwa ce iri ɗaya ba. Akwai wadda ka kai bakin gaɓa ƙiris ya rage, irin ta Bayern ko ta AC Milan da suka ci Liverpool 3 da nema kafin hutun rabin lokaci a Santambul a 2005 aka farke musu duka cikin minti shida aka kuma doke su a fenareti, suka dawo da Ancelotti ɗin dai a 2007 a Athens Inzaghi ya ci biyu suka rama. Irin wannan faɗuwar saƙonta shi ne kuna kan hanya, kar ku rusa, ku toshe ƙofa ɗaya ko biyu. Manchester City ma haka, a fainal ɗin 2021 a Porto Guardiola ya ajiye Rodri da Fernandinho duka a benci, Havertz ya ci su, a 2022 Rodrygo ya zura musu biyu ana dab da tashi a Madrid, a 2023 ga Haaland ya zo, Rodri kuma yana cikin fili tun farko, shi ne ma ya ci Inter ƙwallon da ta kawo kofin.

Akwai kuma dukan kawo wuƙa, wanda yake nuna ginin ne gaba ɗaya ya ruɓe. Jamus a gasar Turai ta 2000 maki ɗaya suka samu, ƙwallo ɗaya suka ci, Fotugal ta yi musu 3 da nema. Wannan ba a gyara shi da sayen mutum biyu. Sai suka wajabta wa kulob-kulob na babban lig su buɗe makarantun horar da yara, suka zuba kuɗi a koyar da masu horarwa, daga nan su Neuer da Özil da Khedira da Hummels da Boateng suka fito suka ci kofin Turai na 'yan ƙasa da 21 a 2009, kofin duniya kuma sai 2014. Shekara 14 fa ke nan. Wanda aka yi wa 7 da 1 a wannan gasar, wato Burazil, su kuma da suka tashi gyara sai suka koma suka ɗauko Dunga da suka taɓa sallama a 2010. Ciwo kam babu wanda ya kai nasu, a gida, a gaban duniya, amma ciwon bai sa sun tambayi kansu tambayar da ta dace a lokacin ba.

Waɗanda ba a ba da labarinsu

Yanzu ga inda nake goyon bayanka sosai. Mu 'yan kallo waɗanda suka dawo kawai muke tunawa, saboda labarinsu ya fi daɗin faɗi. Amma kowane fainal ai ƙungiya ɗaya sai ta faɗi, ina sauran? Valencia ta faɗi fainal ɗin zakarun Turai biyu a jere, 2000 da 2001. Atletico Madrid saura ƙiris su ɗaga a 2014 Ramos ya sa kai a minti na 93, suka dawo 2016 aka sake doke su a fenareti, da kocinsu ɗaya Simeone, da zuciya irin wadda kowa ya sani. Juventus ta faɗi 1997, 1998, 2003, 2015, 2017. Holan ta je fainal ɗin kofin duniya a 1974 da 1978 da 2010 ta dawo hannu rabbana. Tottenham da Liverpool ta doke a 2019, kafin shekarar ta ƙare sun sallami Pochettino. Gana fa? Bayan hannun Suarez da fenaretin da Asamoah Gyan ya ɓarar a kofin duniya na 2010, wane irin ciwo ne bai same su ba?

Sannan akwai maganar kuɗi da mutane ba sa son a faɗa saboda tana rage wa labarin armashi. Ka duba Dortmund da Bayern ta doke a Wembley a 2013. Su ma sun ji ciwo ai. Amma a bazarar nan Götze ya koma Bayern ɗin, shekara ɗaya bayan haka Lewandowski ya bi shi. Ajax a wasan kusa da na ƙarshe a 2019 Lucas Moura na Tottenham ya ci su ƙwallo ta uku a daƙiƙar ƙarshe a gidansu, yara ne matasa masu jini a jika da in an bar su tare za su iya dawowa, amma kafin a fara sabuwar kaka De Jong yana Barcelona, De Ligt yana Juventus. Wa zai ɗauki darasin ya dawo da shi fili in waɗanda suka sha ciwon duk sun watse? Bayern da Liverpool da City sun iya riƙe mutanensu su kuma ƙaro wasu saboda aljihunsu ya kai. Ƙaramin kulob in ya kai fainal ya faɗi, sau da yawa wannan fainal ɗin talla ce kawai ya yi wa 'yan wasansa.

Namu na gida

Super Eagles da ka kawo, tarihinmu yana da misalin duka biyun. Mun faɗi fainal ɗin kofin Afirka a 1984 da 1988 a hannun Kamaru. Clemens Westerhof ya zo a 1989, a gasar 1990 Aljeriya ta buɗe da mu da 5 da 1, muka daure har fainal suka sake cin mu 1 da nema. A 1992 a Sanagal muka zo na uku. Duk wannan aka bar mutumin nan yana gini, yana ɗauko yara yana haɗa su da su Keshi da Yekini, sai a 1994 a Tunisiya Amunike ya ci Zambiya biyu muka ɗaga kofi, a shekarar kuma muka je kofin duniya karo na farko a Amurka. Shekara biyar aka ba shi.

Fainal ɗin 2000 da Kamaru kuwa a nan Legas aka yi shi, 13 ga Fabrairu, a babban filin Surulere, kuma ina cikin filin. Tun da hantsi muka taso daga Agege saboda cunkoso, rana ta dake mu a kan siminti kafin a fara. Eto'o da Mboma suka ci mu biyu, filin ya yi tsit kamar ba mutane, sai Raphael Chukwu ya rage ɗaya kafin hutu, ana dawowa Okocha ya saki wata daga nesa ta shige, wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi ƙasan benen ban ma neme ta ba. Aka je fenareti, aka tare ta Kanu, Ikpeba ya buga ta daki sandar sama ta sauka bayan layi ta fito, shi kansa ya ɗora hannu a ka, alƙali ya ce ba ta shiga ba. Mu da muke can sama sai da muka koma gida muka gani a talabijin cewa ta haye layin. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe. A hanyar komawa cikin molue, babbar bas ɗin haya ta Legas, babu mai magana da wani. In da baƙin ciki yana cin kofi, to wallahi da mun ci na 2002 ba tare da gardama ba, don ga Okocha ga Kanu ga Oliseh ga Finidi ga Taribo. Amma me ya biyo baya? Bonfrere ya tafi a 2001, Shuaibu Amodu, Allah ya jiƙansa, ya kai mu kofin duniya ya kuma zo na uku a Mali, aka sauke shi kafin a tafi gasar, aka watsar da wasu manyan 'yan wasan. Muka riƙa zuwa na uku, 2002, 2004, 2006, 2010. Sai 2013 a Afirka ta Kudu, bayan ma mun kasa zuwa gasar 2012 da Gini ta yi canjaras 2 da 2 da mu a Abuja, marigayi Keshi ya zo ya yi ƙarfin halin ajiye wasu manyan sunaye ya ɗauki 'yan wasan gida irin su Sunday Mba da Oboabona, ga Ahmed Musa yana matashi, Mba ya ci Kwaddibuwa ya kuma ci Burkina Faso a fainal.

Ka kwatanta da Sanagal. Aliou Cissé yana kyaftin ya ɓarar da fenareti a fainal ɗin 2002 da Kamaru. Aka ba shi koci a 2015. A 2017 Kamaru ta cire su a fenareti, Mané ne ya ɓarar. A kofin duniya na 2018 yawan katin gargaɗi ne ya fitar da su, Japan ta wuce. A 2019 Aljeriya ta ci su 1 da nema a fainal a Alƙahira da wata ƙwallo da ta daki ƙafar ɗan baya ta lula ta faɗa raga. Suka bar shi. A Fabrairun 2022 a Yawunde Mané ya sake ɓarar da fenareti a farkon fainal da Masar, amma da aka zo bugun ƙarshe shi ɗin dai ya ɗauki ƙwallo ya ajiye ya ci. Mu kuma bayan Abidjan, inda Troost-Ekong ya fara ci Kessié da Haller suka juya wasan, Peseiro ya tafi, Finidi ya karɓa bai daɗe ba ya ajiye, Eguavoen ya riƙe, sannan Eric Chelle ya zo a Janairun 2025. Cikin shekara guda mutum huɗu. Kowane koci da tsarinsa da mutanensa, to wa zai zauna ya ce ga abin da ya kashe mu a Abidjan, mun ja baya da yawa bayan mun ci, tsakiya ta kasa riƙe ƙwallo, bari mu gyara wannan? Amsar tambayarka ta Super Eagles a wajena a nan take.

Abin da nake yi da yarana

A matakinmu na unguwa abin da na lura shi ne ranar da aka faɗi ba ranar magana ba ce. In aka doke mu a fainal ɗin gasar unguwanni ba na cewa komai a bakin fili illa sannunku, ku sha ruwa, kowa ya tabbatar ya isa gida. Yaro da yake kuka ba ya jin darasi, kuma abin da koci zai faɗa cikin fushi yakan zauna a zuciyar yaro shekara da shekaru. Sai an kwana biyu mu taru a ƙarƙashin rumfar da muke canza kaya, a kunna bidiyon da wani ya ɗauka da waya, kowa ya matso, ni kuma in tsayar a daidai inda aka ci mu in ce kowa ya nuna min inda yake tsaye. Sau da yawa sai ka ga wanda duk unguwa take zagi, gola ko wanda ya ɓarar da fenareti, ba daga wajensa ɓarakar ta fara ba, ɗan tsakiya ne ya tsaya yana kallo bai dawo ba tun daƙiƙa goma kafin nan. In yara suka gani da idonsu, gardama ta ƙare, kuma atisayen makon ya samu alƙibla.

Akwai wani yaro ɗan baya da ya ɓarar mana da bugun ƙarshe a wani fainal, ya daina zuwa fili, ko sallah ya koma yi a wani masallacin don kar ya haɗu da abokansa. Na bi shi har shagon ɗinkin da yake koyon aiki, na same shi yana guga, ban yi masa maganar wasan ba, na ce kawai gobe ƙarfe shida ina jiransa kuma shi zai riƙe makullin akwatin ƙwallaye. Ya zo. Muka mayar da bugun fenareti abin da ake rufe kowane atisaye da shi, lokacin da ƙafa ta gaji, kowa ya tako daga tsakiyar fili shi kaɗai sauran suna masa ihu, saboda tafiyar nan daga tsakiya zuwa inda ake ajiye ƙwallo ita ce take kashe yara, ba bugun ba. Da aka sake ba mu fenareti a wasan gaske shi na nuna. Irin wannan shi ne amfanin faɗuwa da na yarda da shi ɗari bisa ɗari, wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya ji yadda ƙirji yake bugawa, in ya dawo karo na biyu wurin ba baƙo ba ne a wajensa. Amma kuma na sha ganin ɗaya gefen, mu kai fainal mu faɗi, kafin wata gasar wata ƙungiya mai ɗan abin hannu ta zo ta kwashe min yara uku mafiya kyau da alƙawarin takalmi da kuɗin mota, in koma farawa daga tushe da waɗanda ba su san ciwon ba.

Sai dai ka riƙe cewa aikina da yaran unguwa ne, inda babu kwantiragi babu wakilin ɗan wasa babu 'yan jarida a bakin ƙofa, kuma ɗan wasan da yake ɗaukar miliyoyi a mako matsin da yake kansa daban ne. Sannan duk wannan bayanin nawa ba ya ba da tabbas, ƙwallo tana da rabo a cikinta. Kwaddibuwar da ta doke mu ta karya duk abin da na faɗa maka. Equatorial Guinea ta yi musu 4 da nema a gidansu, suka kori koci Gasset ana tsakiyar gasa, ba su ma san za su wuce rukuni ba sai da Maroko ta doke Zambiya, Emerse Faé da bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba ya karɓa ya kai su har kofi. Chelsea ta 2012 ma a watan Maris ta sallami Villas-Boas ta ba Di Matteo riƙo. Irin wannan yana faruwa, sai dai ba abin da za ka gina ƙungiya a kansa ba ne.

Abin da ya fi damuna game da namu shi ne lokaci. Ɗan wasa shekarun ƙarfinsa ƙalilan ne, kuma tawagar ƙasa ba kamar kulob ba ce da za ta shiga kasuwa ta sayo Alisson ko Javi Martinez, abin da Allah ya ba ka a zamanin shi ne naka. Kwaddibuwa ta su Drogba ta faɗi fainal a 2006 da 2012 duka a fenareti, sanda kofin ya zo a 2015 Drogba ya riga ya yi ritaya daga buga wa ƙasa. Mu yanzu muna da Osimhen da Lookman, gwarzon Afirka na 2023 da na 2024 a tawaga ɗaya, an haifi ɗaya a 1998 ɗaya a 1997, kuma duk shekarar da aka ɓata wajen canza koci da rigimar alawus daga cikin shekarun ƙarfinsu ake cire ta.